KAFIN KA SAKE AZA TUBALI, TAMBAYI INDA RUWA YA TSAYA

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin 'yan uwa masu aikin sa-kai ya gabatar wa matasa a wata makarantar Islamiyya da ke Fagge, daura da Bata, bayan an tashi daga aikin gayyar yashe kwata. Mun rubuto muku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba. A sha karatu lafiya.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon tsira da iyalan gidansa da sahabbansa. 'Yan uwa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da farko ina yi mana sannu da aiki, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Ni ba injiniya ba ne, ba kuma malami ba. Iyakacina sakandare da Islamiyya, kamar mafi yawanmu da ke zaune a nan. Abin da ya sa aka ce in yi magana shi ne na 'yan shekarun nan duk damina ina cikin masu kwasar ruwa da bokiti a shaguna da gidajen mutane, kuma abin da na gani ya sa na shiga tambaya da karance-karance. To abin da na samo ne zan ɗan gutsura muku.

Bari in fara da labarin wani dattijo maƙwabcinmu, ba zan kama suna ba. Wata damina ruwa ya shiga gidansa cikin dare, katangar baya ta faɗi, Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Muka yi karo-karo, mai bulo ya kawo, mai siminti ya kawo, mu kuma muka zama leburori. Cikin mako uku katanga ta tashi, kowa yana murna. Amma a ina muka aza ta? A daidai inda ta faɗi. Daɓen ɗakin ma yadda yake muka bar shi. Shekara na zagayowa ruwa ya dawo ta ƙofar da ya shiga bara, ya tsaya a inda ya tsaya bara. Ranar na ji kunya ƙwarai, domin shatin da ruwan farko ya bari yana nan a jikin bangon zaure, mu da hannunmu muka shafe shi da fenti. Wato ruwa ya rubuta mana wasiƙa, muka goge ba mu karanta ba.

To 'yan uwa, maganata ta yau a kan wannan shatin take. Masana suna da abin da suke kira taswirar haɗarin ambaliya. Taswira ce ta gari ko unguwa wadda ke nuna abu uku: inda ruwa ke bi, inda yake kwanciya, da kuma tsayin da yake kaiwa idan ya kwanta. Amfaninta ya fi fitowa bayan ɓarna ta auku, lokacin da kowa ke gaggawar mai da gininsa. A wannan lokacin ne ake yanke hukuncin da zai bi mutum shekara talatin, kuma a lokacin ne hankali ya fi tashi.

Ku ɗauki misalin Amurka. Su can ba damina irin tamu ke yi musu ɓarna ba kawai, akwai mahaukaciyar guguwa da ke tasowa daga teku ta turo ruwa cikin gari. A watan Agusta na 2005 wadda aka sa wa suna Katrina ta afka wa birnin New Orleans, shingayen da ke tare ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, fiye da mutum dubu suka rasu. A ƙarshen Oktoba na 2012 wata mai suna Sandy ta daki New York da New Jersey. A duk biyun, hukumarsu ta agajin gaggawa da ake kira FEMA ta fitar da sababbin taswirori na shawara tun kafin mutane su yi nisa da gini. Taswirar za ta ce maka, a wannan layin ana tsammanin ruwa ya kai tsayi kaza, saboda haka daɓen gidanka ya wuce nan. A wurare da yawa ma doka kan sa a ƙara ƙafa ɗaya ko biyu a kai don ko-ta-kwana. Shi ya sa za ka ga hotunan gidajensu na bakin teku a ɗage a kan ginshiƙai kamar rumbu.

Me ya sa sai da aka yi sababbi? Domin taswirar New York ta asali tun 1983 aka zana ta, kuma ruwan Sandy ya wuce iyakar da ta shata. Wannan darasi ne a gare mu. Taswira tana tsufa. Gari yana canzawa, ana cike nan, ana shimfiɗa kwalta can, dole a riƙa sabunta ta.

Akwai wata kalma da suke amfani da ita wadda ke ruɗa mutane, wai ambaliyar shekara ɗari. Mutum sai ya ɗauka in ta zo bana shi ke nan sai jikokinsa. Ba haka ba ne. Ma'anarta ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar ɗaya cikin ɗari ta auku, ko da ta auku bara. In ka lissafa a shekara 30, yiwuwar ta kai kashi 26 cikin 100, wato kusan ɗaya cikin huɗu. Mu ma muna da irin wannan ruɗun a nan. Sai ka ji an ce ai irin wannan ruwan ba a taɓa ganinsa ba, ba zai sake ba. Wa ya gaya maka?

Iyayenmu suna ba mu labarin Agustan 1988, lokacin da aka yi ta sheƙa ruwa a Kano, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa, madatsar Bagauda ta ɓalle. Rubuce-rubucen da aka yi a kai sun kawo mutum 146 da suka rasu da gidaje wajen 18,000 da suka rushe. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya ta raba fiye da miliyan 2 da muhallinsu. A 2022 fiye da mutum 600 suka rasu, kuma 'yan uwanmu na Jigawa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Maiduguri ta sha ruwan madatsar Alau a 1994, ta sake sha a watan Satumba na 2024, shekara 30 cif. Sannan ga Mokwa ta Jihar Neja a ƙarshen Mayu na 2025, inda fiye da mutum 150 suka rasu a safiya ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansu.

To mu dawo gida. A daminar 2022 duk mun ga abin da ya faru a Kantin Kwari, nan bayanmu. Ruwa ya shiga layuka da shaguna, atamfa da shadda da yadi na miliyoyin nairori suka jiƙe. 'Yan kasuwa da dama suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa, har aka shiga rushe wasu. Amma ku tsaya ku ji sunan wurin da kyau. Kantin me? Kwari. Ga Kwarin Gogau. A ɗaya ɓangaren kuma ga Tudun Wada, ga Tudun Murtala, ga Dala da Goron Dutse. Ashe kakanninmu sun riga sun zana mana taswira, a cikin sunaye suka ajiye ta. Wurin da suka kira kwari ko fadama sun san abin da ya sa, mu ne muka riƙe sunan muka yar da ma'anar.

Ruwan da ya sauka a wannan yanki namu na Fagge da Sabon Gari, Jakara yake nema. Jakara ta taso daga cikin birni, ta ratsa ta wajen Kurmi, ta fito ta yi arewa maso gabas, ta haɗu da Getsi mai ɗauko ruwan Bompai, ta tafi madatsar Wasai ta wajen Minjibir. A mulkin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin gine ta da kankare da shimfiɗa titi a kanta, wanda mutane ke kira Wuju-Wuju. Duk wata 'yar kwata da ke ƙofar gidanka reshe ce na wannan babbar hanya. In an toshe reshe, ruwa ba zai koma sama ba, ɗakin wani zai nema.

A da kuma akwai kududdufai. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, amma su ne randunan gari. Ruwa ya sauko ya zauna a ciki, ya riƙa tsotsewa a hankali. Yau an cike da yawansu da bola, an yanka filaye, an sayar. Ƙasar da ke shan ruwa kuma an rufe ta da kwalta da siminti da kwano. Bari in ba ku wani ɗan lissafi da muka koya a makaranta. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Rufin gida mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, zai zubo da lita 5,000. Jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25 guda 200 ke nan, daga gida ɗaya tak. To ku ɗaga kai ku dubi rufin kasuwar Sabon Gari, da Singa, da benayen da ke kewaye da Bata, ku lissafa. Ina wannan ruwan zai je cikin awa ɗaya, alhali lambatu cike yake da leda da robar lemo?

Na san wani zai ce a zuciyarsa, ai ƙaddara ce. Na'am, mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, kuma ruwa rahama ne. Amma Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, tun ƙasa na bushe ya sassaƙa jirgi. Annabi Yusuf kuma tun a shekarun yalwa ya tanadi hatsin shekarun fari. Su ne suka fi kowa tawakkali, kuma su ne suka riƙi sababi. Wanda ya cike kududdufi ya sayar wa talaka, ruwa ya zo ya danne yara a ɗaki, kada ya ɓuya a bayan ƙaddara. Akwai ranar da za a tambaye shi.

To ina za mu sami taswirar? Akwai hukumar tarayya mai lura da ruwayen ƙasa, NIHSA, da ke fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina ta kankama, tana ambaton jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. NiMet kuma tana fitar da hasashen damina. A nan Kano akwai SEMA ta agajin gaggawa, akwai KNUPDA mai ba da izinin gini, akwai KANGIS mai riƙe da bayanan filaye. Ya kamata mu riƙa sauraren sanarwarsu a rediyo, mu kuma riƙa zuwa muna tambaya, domin haƙƙinmu ne. Sai dai hasashen ƙasa baki ɗaya ba zai gaya maka cewa lungunku ya fi na bayansa zurfi da ƙafa biyu ba. Wannan sai ɗan unguwa.

Kuma an taɓa yi. A birnin Darussalam na Tanzaniya, daga 2015, ɗaliban jami'a da mutanen unguwanni suka shiga wani aiki mai suna Ramani Huria. Suka bi lungu-lungu da wayoyinsu suna auna kwatoci, suna tambayar magidanta inda ruwa ya kai, suka ɗora a kan taswirar intanet wadda kowa zai iya buɗewa. Matasa ne irinmu. Saboda haka ga abin da nake ba da shawara mu yi, daga Bata zuwa cikin Fagge, zuwa layukan Sabon Gari.

Na farko, shati. Duk lokacin da ruwa ya janye, kafin a wanke bango, mu je da awo da fenti. A auna tsayin shatin daga kan titi, a ja layi, a rubuta rana da shekara. A ɗauki hoto. A yi haka a gida goma, ashirin, hamsin. Amma ina roƙonku don Allah, kada wanda ya shiga ruwa mai gudu don ɗaukar hoto. Ruwan da bai wuce gwiwa ba yana kayar da ƙato, ga ramin kwalbati da ba a gani, ga wayar lantarki.

Na biyu, dattawa. Ku zauna da tsofaffin unguwa, maza da mata, ku tambaye su ina ne kududdufi a da, ta ina rafi ke bi, ina ruwan 1988 ya tsaya. Wannan ilimi ne da ke tafiya kabari kullum. Waɗanda suka iya kwamfuta kuma su buɗe Google Earth, akwai wurin da ke nuna tsofaffin hotunan gari daga sama. Za ka ga kududdufi a hoton shekarun baya, ka ga bene a wurin a hoton yau.

Na uku, zane. A sami babbar takarda a zana layukan unguwa, a sa kibiya inda ruwa ke bi, a shafa launi uku. Ja shi ne hanyar ruwa kanta da cikakken kududdufi. Rawaya shi ne inda ruwa ke shiga ɗaki ya fita. Kore shi ne tudu. A kai wa mai unguwa da limamai da shugabannin kasuwa su duba su gyara, a manna ɗaya a inda kowa zai gani, a kai ɗaya hukuma.

To in an zana, me za a yi da ita? Wanda ke rawaya, in zai sake gini, daɓensa ya wuce shati mafi tsawo da aka taɓa gani, ya ƙara layin bulo biyu a kai. Gidan ƙasa a yi masa gindi da bulo da siminti, domin ta ƙasa ruwa ke cin katanga. Soket da mita a ɗaga su sama. Mai shago ya yi kanta mai tsawo, kada dila ta kwana a ƙasa daga Yuli zuwa Satumba. Bakin rijiya a ɗaga shi a rufe, a nisanta shi da masai, domin bayan ambaliya amai da gudawa ke biyowa. Wanda kuma zai sayi fili, musamman irin na awon igiya, ko zai kama haya, kada ya biya kuɗi da rani a kan maganar dillali. Ya dubi taswira, ya dubi gindin bangon maƙwabta, in da hali ya je a watan Agusta ana tsaka da ruwa. Tun ran gini ran zane.

Amma a nan akwai wani tarko, ku saurara da kyau. Idan mai kuɗi ya yi ciko ya ɗaga gidansa da ƙofar gidansa har ya ci rabin kwata, ruwan da ya kora ina ya tafi? Gidan maƙwabcinsa da ba shi da kuɗin ciko. Shi ma in ya samu ya ɗaga, sai ya tura wa na gaba, har a dangana da gwauruwar da ke ƙarshen layi. Wannan cutarwa ce, kuma mun san matsayin haƙƙin maƙwabci. Ɗaga ɗakinka, amma ka bar wa ruwa hanyarsa. Shi ya sa taswirar ta zama ta unguwa duka, ba kowa tasa ta fisshe shi ba.

Saura masu ja, kuma nan ne maganar ta fi ɗaci. Gaskiya ita ce akwai wurin da bai kamata a sake kwana a ciki ba, ko da an ɗaga. To amma wa ke zaune a irin waɗannan wurare? Mafi yawa talaka ne da bai sami inda ya fi nan araha ba. Taswira tana iya zama rahama, tana kuma iya zama makami a hannun azzalumi. A New Orleans, a watan Janairu na 2006, wani kwamiti da magajin gari ya kafa ya fito da shawarar da aka buga taswirarta ɗauke da korayen ɗigo a kan wasu unguwanni, alamar ana iya mai da su filin shaƙatawa. Ba a shawarci mazauna ba, da yawansu ma suna gudun hijira. Mutane suka yi ca, mutanen unguwar Broadmoor suka haɗa kai suka rubuta nasu tsarin, daga ƙarshe aka watsar da waccan. A New York kuwa, bayan Sandy, mutanen wata unguwa mai suna Oakwood Beach da kansu suka taru suka nemi gwamnatin jiha ta sayi gidajensu. Aka biya su a kan darajar gidajen kafin guguwa, aka rushe, aka bar wa ruwa wurinsa. Ku dubi bambancin. Ɗaya an zana a kansu, ɗaya da su aka yi.

Saboda haka abin da za mu nema a wajen hukuma a bayyane yake. A fito da taswira kowa ya gani tun kafin a ba da izinin gini, ba sai mutum ya zuba gumin shekara ashirin ba sannan a zo da jan fenti da katafila. Doka ta hau kan bene kamar yadda take hawa kan rumfar mai shayi. Wanda kuma dole ya tashi, a ba shi madadi ko diyya ta gaskiya. Za mu nemi wannan da hujja da ladabi, takarda a hannu, awo a rubuce. Wanda ya zo da hoto hamsin da awo hamsin ya fi ƙarfin a ce masa jita-jita ce.

Wani abu kuma, ruwa ba ya tambayar addini ko ƙabila. Kwatar da ta taso daga shagon Inyamuri a France Road ita ce ke wucewa ta ƙofar Bahaushe da Bayarabe. In za mu zana taswira mu tsaya a bakin titi mu ce can ba namu ba ne, mun zana rabin gaskiya. Mu je mu yi musu sallama, mu gaya musu abin da ya kawo mu, mu nemi matasansu su shigo.

A ƙarshe 'yan uwa, aikin da muka yi yau na yashe kwata yana da lada in sha Allahu, amma in muka bar yashin da ledar a bakin kwata, ruwan farko zai mai da su ciki, sai a kwashe a kai juji. Ina so kafin mu watse kowane layi ya ba da mutum biyu, ɗaya mai awo ɗaya mai rubutu. Mu fara da gidan dattijon nan da na ba ku labari. Na riga na je na kankare fentin zaurensa, shatin yana nan.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma nawa ne, a yafe mini. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu sharrin da ke cikinta. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.